Dala 2,000 daga Katsina zuwa Makka: inda riyal 778 suka zurare

Mutumin da wannan nazari ya shafa ɗan kasuwa ne mai shagon atamfa da shadda a Babbar Kasuwar Katsina. Ya san kuɗi sarai. 'Yan Maraɗi na kawo masa sefa, yana juya ta zuwa naira da ka kafin yaron shago ya gama naɗe turmi. Sai dai bai taɓa tsallake ko iyakar Jibiya ba, ballantana hawa jirgi. Tafiyarsa ta farko ita ce Umrar da ya kai mahaifiyarsa, kwana goma sha huɗu, huɗu a Madina goma a Makka, ta filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Jidda. Ejan ya ɗauki nauyin tikiti da biza da masauki. Abinci, mota a cikin gari, layin waya, kuɗin mai tura keken tsohuwa a ɗawafi da sa'ayi, aski, sadaka da tsaraba, duk daga guzurinsu za su fito.

Guzurin dala 2,000 ne. Za a yi lissafin nan gaba ɗaya da dala da riyal, a bar naira gefe, domin farashin naira yana iya sauyawa tsakanin safe da la'asar, riyal kuwa a ɗaure yake. Tun 1986 Saudiyya ta tsayar da kuɗinta a kan riyal 3.75 kowace dala ɗaya. Wannan lamba ita ce mudun awon matafiyi. Dala 100 riyal 375 ce. Dala 2,000 riyal 7,500 ce. Duk abin da aka miƙo maka ƙasa da haka, bambancin shi ne abin da aka ci a kanka. Shagon canji mai lasisi a cikin gari ya riƙe halala biyu ko uku (halala ɗari ce riyal ɗaya) a kan kowace dala, wannan ribarsa ce ta halal. Abin da ya wuce nan da nisa yana buƙatar tambaya.

Ɗan kasuwar bai san wannan lamba ba sai a kwana na tara.

Yadda aka haɗa guzurin

Kwana uku kafin tashi ya fara neman dala, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ya raba kuɗin gida uku, wanda a kan kansa tunani ne mai kyau, amma kowane kaso ya tafi da lahaninsa.

Dala 1,200 ya saya tsaba a wurin ɗan canji a cikin Katsina. Saboda ƙurewar lokaci ya karɓi abin da ya samu: takardun dala ɗari sababbi guda takwas, tsofaffi guda biyu, sai dala 200 a 'yan ashirin-ashirin da goma-goma. Ɗaya daga tsofaffin tana da tambarin tawada a gefe. Farashi ɗaya aka sayar masa da su duka.

Dala 500 ya zuba a asusun dala da ya buɗe a makon, ya karɓi kati, ya sa a lalita bai taɓa gwada shi ba.

Sauran dala 300 bai riƙe su ba sam. Wani da suka san juna a kasuwa ya karɓi nairarsu, ya ba shi lambar waya, ya ce da ya isa Makka ɗan'uwansa zai kawo masa riyal har masauki.

Hanyar banki tana nan, bai bi ta ba don lokaci ya ƙure. Babban Bankin Najeriya ya yarda wa matafiyi da kuɗin guzurin da ake kira PTA har dala 4,000 a kowane wata uku, ɗan kasuwa mai tafiyar kasuwanci kuma BTA har dala 5,000. Ana cike Fom A ta intanet, a haɗa fasfo da biza da tikitin zuwa da dawowa da lambar BVN. A watan Fabrairun 2024 an umarci bankuna su riƙa biyan wannan kuɗi ta kati, ba tsaba ba. Da can mutane na rububin PTA ne saboda tazarar da ke tsakanin farashin gwamnati da na kasuwar bayan fage. Tun da aka haɗe kasuwannin canji a watan Yunin 2023 wannan riba ta ragu ƙwarai, amma hanyar na da amfanin da ba ya tsufa: akwai takarda, akwai wanda za a koma wa. Ko 'yan canjin ma ba duka ke da lasisi ba yanzu, tunda a watan Maris na 2024 Babban Bankin ya soke lasisin fiye da dubu huɗu. Wanda zai sayi tsaba ya tambayi lasisi, ya kuma karɓi rasit.

Ƙananan ramukan da ba a ji ƙararsu ba

Da saukarsu Jidda ya canza dala 300 a tagar canji ta filin jirgi, a kan 3.60. Ya karɓi riyal 1,080, ya ji daɗi, don a idonsa kuɗi sun yi yawa. A shagunan canji da ke kewaye da Masallacin Annabi a makon ana bayarwa a kan 3.73, wato da ya samu 1,119. Riyal 39 sun tafi. Tagar filin jirgi tana biyan haya mai tsada kuma ta san wanda ya sauko a gajiye ba ya ciniki. Abin da ake bukata a ranar farko bai wuce na layin waya da ruwa da abincin dare ba, dala 50 zuwa 100 ta isa. Wanda ya fi dabara ma yakan sayi riyal ɗari biyu ko uku tun daga Katsina ko Wapa ta Kano, 'yan goma-goma da hamsin-hamsin, ya wuce tagar ko kallo bai yi ba.

Tsofaffin takardun nan biyu su suka fara ba shi mamaki. Shago na farko ya turo masa su ta ƙarƙashin gilashi ba bayani. Na biyu ya karɓa a kan 3.50. Riyal 700 maimakon 746. A dokar Amurka tsohuwar dala ba ta mutu ba, kowane samfuri kuɗi ne har gobe. Amma mai shagon canji ba dokar Amurka yake dubawa ba, wanda zai sayar wa gobe yake tunani, kuma jabu ta fi yawa a tsohon samfuri. Sabuwar takardar dala ɗari ta fito a watan Oktoban 2013. Alamominta a fili suke: shuɗin zare mai faɗi da aka saƙa a cikin takardar, wanda in ka karkata ta ƙararrawa ke juyewa zuwa lambar 100, ƙararrawar da ke cikin kwalbar tawada mai sauya launi daga jan ƙarfe zuwa kore, kafaɗar mutumin da ke jiki tana da kaushi in ka goga farce, in ka ɗaga ta a haske kuma fuskarsa na sake bayyana a farin gefen dama. Ita ake nema a ce wa ɗan canji tun farko, "mai shuɗin zare nake so." Wadda ta yage, ko aka yi wa rubutu, ko aka buga wa tambari, ko ta sha gumi ta yi laushi, a mayar masa nan take. A Katsina musanya ta magana ɗaya ce. A Madina asara ce.

Ƙananan takardun ma haka: 3.65 aka ba shi, riyal 730, ragin 16. A kasuwannin canji da yawa babbar takarda ta fi daraja don ita ta fi sauƙin ƙirga da ajiya.

Katin ne ya fi cin rai. A kwana na uku ya sa shi a na'urar ATM, ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Allah ya taimaka bai ɗauka lambar sirri ce ya yi ta sauyawa ba, don kuskure uku ke rufe kati. Dalilin kuwa ba a buɗe katin don aiki a ƙasar waje ba. Buɗewar daga manhajar banki ake yi, manhajar kuma sai ta aika lambar tabbatarwa zuwa layin da aka yi rajista da shi, layin kuwa yana Katsina a hannun yaron shago, an bar masa don kada abokan ciniki su kira su rasa. Abin ya faɗo ranar Juma'a da yamma. Bankunan Najeriya na hutun Asabar da Lahadi, Saudiyya kuma tana gaban Najeriya da awa biyu, saboda haka sai Litinin da azahar ta can aka warware. Kwana uku kati na aljihu kamar guntun kwali. Ga kuma haɗarin da bai ma hango ba: wanda ke riƙe da layin da lambar tabbatarwa ke shiga, kusan shi ke riƙe da asusun.

Gyaran wannan aiki ne na mako biyu kafin tafiya. A je banki a tambayi abu huɗu a rubuta amsarsu: shin katin a buɗe yake ga ƙasar waje, nawa ne iyakar cirewa a rana da a wata, nawa ake caja a kowace cirewa, wace lamba ake kira daga waje in ya ɓace. A tafi da layin, a sa masa kuɗi, a buɗe masa aikin ƙasar waje. A nemi lambar tabbatarwa ta riƙa zuwa ta imel ma in bankin na yi. Mai dogaro da katin naira ya ƙara bincike, domin bankuna da yawa sun rufe amfani da shi a waje tun wajen 2022, wasu sun sake buɗewa a 2025, kowanne da iyakarsa.

Da katin ya fara aiki sai wata ɓarnar ta biyo baya, kuma ita ce ta fi dacewa a tsaya a kai, don ko 'yan boko na faɗa mata. Yana tsoron riƙe kuɗi da yawa, sai ya riƙa cire riyal 300, sau biyar. Kowace cirewa bankinsa na ɗaukar dala 4. Sannan kowane karo na'urar na tambayarsa: a caje ka da riyal ko da dala? Shi kuwa ya ga asusunsa na dala ne, sai ya danna dala. A ido hakan ya yi daidai, amma zaɓen dala na nufin ka bai wa mai na'urar izinin ya yi canjin da farashinsa, wanda a nan ya kama 3.55. Da ya zaɓi riyal, kamfanin katin ne zai yi canjin a dab da 3.75. Riyal 1,500 da ya cire dala 400 ne a farashin gaskiya. An zare masa dala 422.50, ga dala 20 na caji, jimla 442.50. Riyal 159 ke nan a banza. Ƙa'idar ɗaya ce a ATM da na'urar POS ta kanti da teburin otal, a Saudiyya ko Masar ko Dubai: a zaɓi kuɗin ƙasar da ake tsaye a cikinta. Cirewa kuma a yi ta sau ɗaya ko biyu da yawa, a na'urar da ke jikin banki, a lokacin da bankin ke buɗe, don in ta haɗiye kati a samu wanda za a yi wa magana.

Riyal ɗin da aka ce za a kawo masauki sai da suka kwana shida a Makka suna kiran waya kafin su zo. Maimakon 1,125 aka kawo 1,000, da bayanin wai naira ta faɗi a tsakani. Babu rasit, babu shaida, kuma ba wanda zai tayar da rigima da ɗan'uwan abokin kasuwa a garin Makka. Wannan hanya ta daɗe a tsakanin mutanenmu, akwai masu amana da yawa a cikinta, amma matafiyin farko ba shi da ma'aunin gane su. Canji da aika kuɗi ba lasisi laifi ne a Saudiyya. Ga kuma ɓangaren shari'a, wanda bai kamata mai niyyar Umra ya tsallake ba: malaman fiƙihu sun shardanta cewa canjin kuɗi da kuɗi ya kasance hannu da hannu a zama ɗaya. Ba da naira yau a karɓi riyal bayan mako biyu, a farashin da ba a tsayar ba, abu ne da ya kamata a kai wa malami kafin a shiga.

Dala ɗari da ta koma dala ɗaya

A kwana na tara, yana Harami, mahaifiyarsa ta so ta sayi dabino da tasbaha da kuɗin hannunta. Ya ba ta takardar dala ɗari guda tun a Madina don ko ta kwana. A ƙofar masaukinsu a unguwar Misfala wani saurayi ya gaishe ta da Hausa tsantsa, har da tambayar mutanen gida. "Hajiya, kawo in canza miki, kada ki sha rana." Ya yi mata farashin da ya fi na shago. Ta miƙa. Ya duba takardar, ya juya ta, ya ce ai wannan sai an kai babban shago, ya naɗe ya mayar mata, ya ce bari ya kira maigidansa. Bai dawo ba. Ita kuwa hankalinta kwance, kuɗinta na ƙulle a bakin mayafi.

Da ɗanta ya dawo ta kwance masa. "Inna, wa ya taɓa kuɗin nan?" Dala ɗaya ce.

Dabarar na cin nasara ne saboda wani abu da ba a faɗa wa tsofaffinmu: takardun dala duka girmansu ɗaya, daga ta ɗaya har ta ɗari, launinsu kuma makusanci ne. Wanda ya saba da naira da sefa da riyal yana gane kuɗi da launi tun daga nesa, bai saba karanta lamba ba. In aka naɗe takardar dala gida huɗu, ko mai ido sai ya buɗe. Minti goma a tsakar gida kafin tafiya sun isa a shimfiɗa wa tsohuwa takardar ɗari da ta ɗaya, a nuna mata shuɗin zaren, a ce duk wadda ba ta da shi ba taki ba ce. Abin da ya fi wannan sauƙi ma kada a bar mata dala sam. A canza, a ba ta riyal 'yan goma da hamsin, abin da za ta kashe a rana. Kuma duk mai ba da farashin da ya haura 3.75 a bakin titi, ba canji ya kawo shi ba, tunda ba mai sayen riyal 375 da riyal 400.

Laifin ba na tsohuwar ba ne. Baƙo ko da ido makaho ne, kuma jin harshen gida a ƙasar da ba ka jin maganar kowa yana saukar da garkuwar mutum. Dubban Hausawan da ke zaune a Makka suna taimakon alhazai tsakani da Allah, 'yan kaɗan ne ke fakewa da wannan amana.

Ranar ce ya tsaya a gaban allon wani shagon canji a titin Ibrahim Khalil ya lura duk shagunan lambarsu kusan ɗaya ce, wani ɗan Daura da ya saba zuwa ya yi masa bayanin 3.75. Takardu huɗu sababbi da suka rage ya canza su a nan a kan 3.73, da fasfo a hannu, ya ƙirga a gaban gilashi kafin ya matsa, ya karɓi rasit. Riyal 1,492. Shi ne canji ɗaya tilo a tafiyar da ba a ci shi ba.

Lissafin da aka yi bayan dawowa

Abin da ya shigo hannunsa: 1,080 na filin jirgi, 700 na tsofaffin takardu, 730 na ƙanana, 1,492 na shago, 1,500 na kati, 1,000 na saƙo. Jimla riyal 6,502. A katin akwai ragowar dala 57.50, ga dala ɗayan saurayi, su biyun kimanin riyal 220. Duka 6,722 ke nan a cikin 7,500. Giɓin riyal 778 ne, sama da dala 200, fiye da kashi ɗaya cikin goma na guzurin.

A gida labarin saurayin Misfala kawai ake bayarwa, riyal 371. Amma a haɗa 39 da 46 da 16 da 159 da 125, za a samu 385. Abin da ya zube ta hanyoyin da ba wanda ya kira sata ya fi abin da ɓarawo ya ɗauka, kuma kusan dukansa tun a Katsina aka shuka shi. Riyal 22 kacal ne ribar shagon canji da ba makawa sai an biya. Da dala 2,000 ɗin nan aka tsara su tun da wuri, dala 1,300 sababbin takardu, 600 a katin da aka gwada, 100 kuma riyal ƙanana daga gida, da abin da zai tafi bai fi riyal sittin ba.

Wurin ajiya ma ya shiga lissafi, ko da yake a nan bai yi asara ba. Mai harami ba shi da aljihu, don haka bel mai zif ake ɗaurawa a ƙugu, a sa na kashewar rana kawai. Sauran a raba biyu, wani a akwatin ajiyar masauki, wani a jikin abokin tafiya. Kati da tsaba kada su kwana a lalita ɗaya, kuma hoton fasfo da lambar kiran banki su kasance a waya da kuma a takarda.

Akwai abu ɗaya da ya tsallake da ƙyar ba tare da ya sani ba, wato kuɗin sautu. Da aka ji zai tafi, maƙwabta da abokan kasuwa suka yi ta kawo dala, wannan jallabiya, wancan turare, wata sarƙar zinare. Ya karɓi na mutum biyu ya ba sauran haƙuri. Wanda kunya ta hana shi cewa a'a yana iya tara abin da ya haura iyaka. A Najeriya duk mai fita ko shigowa da abin da ya wuce dala 10,000 dole ya bayyana wa jami'an kwastan a rubuce. A Saudiyya ma akwai irin wannan iyaka, kuma zinare da kayan ado masu daraja na cikin ƙidaya. Ɗaukar kuɗin ba laifi ba ne, ɓoye su ne laifi, kuma jami'i ba ya tambayar na wa da na wa ne a cikin jakar. Na sautu a rubuta su a littafi, sunan mai shi da adadi da abin da ya ce a sayo, a sa kowanne a ambulan dabam. A kuma faɗa wa mai sautu tun a gida cewa akwai harajin kaya na kashi 15 cikin ɗari a Saudiyya tun watan Yulin 2020, don kada farashin da ya ji a bakin wanda ya je shekarun baya ya zama abin zargi.

Ya dawo da riyal 340 na takarda da tsabobi cike da tafin hannu. Ɗan canjin da ya sayar masa da dala ya taya takardun a farashin saye, wanda ke ƙasa da na sayarwa da tazara mai ɗan yawa, tsabobin kuwa ya ce ba ya karɓa. Sayar da su zai zama canji na uku a kan kuɗi ɗaya: naira zuwa dala, dala zuwa riyal, riyal zuwa naira, kowanne da yankansa. Tunda riyal a ɗaure yake da dala, ajiye shi bai da bambanci da ajiye dala. Ya bar takardun a ambulan, ya sayar wa wani maƙwabcinsa a Ƙofar Ƙaura mai shirin tafiya a watan azumi, a tsakiyar farashin saye da na sayarwa, hannu da hannu. Tsabobin suna cikin kwanon sha a ɗakin tsohuwar, jikoki na wasa da su.